Bairas ɗin EBV a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki: tambayoyi da amsoshi

Wannan shafi na 'ya'yan zango ne masu karatun jinya, aikin ɗakin gwaji da likitanci a Akra, da kuma iyayen da aka miƙa wa takardar asibiti suka ga an rubuta EBV, wato bairas ɗin Epstein-Barr, ba su sami mai yi musu bayani da Hausa ba. Ga yadda za mu yi amfani da kalmomi. Ƙwayar jiki ita ce ɗan ƙaramin ɗakin da aka gina jikin mutum da irinsa. DNA kundi ne, kowane umarni guda da ke cikinsa za mu kira shi babi. Idan za a yi aiki da babi sai a kwafe shi a kan RNA kamar yadda ake kwafe karatu a allo, daga allon a ƙera furotin, sannan a wanke allon. Inda muka ce an buɗe babi, wannan aikin muke nufi.

Mene ne EBV, kuma me ya haɗa shi da hafis?

Mutane suna jin hafis sai hankalinsu ya tafi kan ƙurajen leɓe ko na al'aura. Waɗannan biyu ne kawai daga cikin dangin. Mai kawo ƙarambau ɗan gidan ne, haka CMV, wato cytomegalovirus, haka wanda ke haddasa sankarar Kaposi. EBV shi ne na huɗu a lissafi. Halin da ya haɗa su ɗaya ne: idan suka shiga jiki ba sa fita, sai su sami wata ƙwaya su kwanta a ciki. Na leɓe da na ƙarambau suna kwana a jijiyoyin ji, CMV yana fakewa a ƙwayoyin ɓargo, EBV kuwa ya zaɓi ƙwayar B, wadda aikinta ƙera antibodi, furotin ɗin da ke kama ƙwayoyin cuta, wato ya tare a barikin masu gadi.

A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a Yuganda, ya bayyana wata sankarar muƙamuƙi ta yara. A 1964 Anthony Epstein da Yvonne Barr da Bert Achong suka hango bairas ɗin a Landan cikin ƙwayoyin wannan sankara. Shi ne bairas na farko da aka danganta da sankarar ɗan Adam. Kundinsa yana da haruffa kimanin 172,000 da babi sama da 80.

Ta ina ake ɗauka?

Ta yawu. Cokali ɗaya, kofin koko ɗaya, tauna wa jariri abinci, sumbatar yaro a baki. Sama da kashi 90 cikin 100 na manyan duniya suna ɗauke da shi. Wani bincike da aka buga a 1978, wanda ya bi jarirai a nan Akra wata bayan wata, ya nuna garkuwar da suka samu daga uwa tana kare su a watannin farko, bayan ta janye kuma yawancinsu sun kamu kafin su cika shekara 2, ba tare da wani ciwo na a zo a gani ba. A ƙasashen da kamuwa ke jinkiri har samartaka ne aka fi ganin zazzaɓi mai ciwon maƙogwaro da kaluluwa da kasala, wanda ke bayyana mako 4 zuwa 6 bayan kamuwa.

Ta yaya yake shiga ƙwayar B?

Mataki uku ne, kowanne da furotin ɗinsa a jikin rigar bairas. Da farko gp350 ya kama CD21 da ke fatar ƙwayar B. Wannan riƙo ne kawai, ƙofa ba ta buɗe ba. Sai gp42, wanda ke manne da gH da gL, ya kama HLA aji na biyu, furotin ɗin da ƙwaya ke nuna wa masu gadi gutsuren furotin da shi. Wannan kamun ne ke ba gB izini ya miƙe ya haɗe rigar bairas da fatar ƙwaya su zama abu ɗaya. Daga nan ƙwanson da ke ɗauke da DNA ya faɗa ciki, a ja shi zuwa bakin cibiyar ƙwaya, ya zuba kundinsa ta ramin cibiya.

Akwai wata dabara a nan da ta cancanci a tsaya a kanta. Ƙwayoyin fatar maƙogwaro ba su da buƙatar gp42, ta gH da gL ake shigarsu, gp42 ma cikas yake yi. To bairas ɗin da aka ƙera a cikin ƙwayar B yakan fito da ƙarancin gp42, saboda HLA na cikin ƙwayar ya riƙe shi an lalata, don haka ya fi iya shiga fatar maƙogwaro. Wanda aka ƙera a fatar maƙogwaro kuwa yana fitowa da gp42 a wadace, ya fi iya kama ƙwayar B. Kowane masauki yana ɗinka masa rigar zuwa masauki na gaba.

Da ya shiga, wane babi yake fara buɗewa?

DNA ɗin yana shiga a miƙe kamar zare. Bakinsa biyu sai su haɗe ya zama zobe, ya zauna kusa da kundin mutum ba tare da ya shige cikinsa ba. Karatu yana farawa daga wani mafari da ake kira Wp, wanda ke aiki da furotin ɗin ƙwayar B kanta, shi ya sa ba ya jiran komai. A cikin yinin farko ana samun EBNA2 da EBNA-LP.

EBNA2 shi ne sarkin aiki, amma ba ya iya riƙe DNA da kansa. Yana hawa kan wani furotin na mutum mai suna RBP-J, ta kansa yake kunna MYC, babin da ke umartar ƙwaya ta girma ta rabu. Shi ne kuma ke mayar da karatu daga Wp zuwa Cp, inda ake kwafo dogon allo guda a yanyanka shi a sami EBNA shida: 1, 2, 3A, 3B, 3C da LP. Wajen kwana na uku ƙwayar da ke zaune lafiya takan fara rabuwa da sauri. A ƙa'ida ƙwayar da ta yi irin wannan gudu tana da birki da kuma umarnin kashe kanta. EBNA3A da EBNA3C su ne ke rufe babin p16, wato birkin, da babin BIM, wato umarnin mutuwa.

Sannan furotin biyu su fito a fatar ƙwaya suna kwaikwayon saƙon da ba a aiko ba. Ƙwayar B ba ta rayuwa a sansanin horo na cikin kaluluwa sai ta sami shaida biyu: cewa ta gane abokin gaba, da cewa ƙwayar T, wata ƙwayar garkuwar jiki, ta amince mata. LMP2A yana kwaikwayon ta farko, LMP1 yana kwaikwayon CD40, wato ta biyu. Takardun bogi ne, amma suna wucewa.

Mene ne kwanciya ta uku, ta biyu, ta ɗaya da sifili?

Wannan ita ce tambayar da duk sauran ke rataye a kanta. Waɗannan sunaye ne na yawan babin da bairas ya bari a buɗe alhali ba ya ƙera 'ya'ya.

A kwanciya ta uku duk EBNA shida da LMP suna buɗe. Ita ce ta sabuwar ƙwayar da aka kama, kuma ba ta ɗorewa a jikin mai lafiya, domin ƙwayoyin T suna gane EBNA3 da sauri su kashe duk mai ɗauke da su. Saboda haka sai bairas ya fara rage murya. Ana liƙa metil a kan Cp, kamar kwaɗo a ƙofa, EBNA2 da EBNA3 su ɗauke. EBNA1 ya koma fitowa daga wani mafari dabam, Qp. Abin da ya rage, EBNA1 da LMP1 da LMP2, shi ne kwanciya ta biyu. Idan ƙwayar ta gama horo ta zama ƙwayar tuni, mai daɗewa tana yawo a jini, sai a rufe kusan komai, babu furotin ko ɗaya. Wannan ce sifili. Sai lokacin da ƙwayar za ta rabu ne ake buɗe EBNA1 shi kaɗai, kwanciya ta ɗaya ke nan, domin shi ne ke kama zoben a wurin da ake kira oriP ya sa a kwafe shi, ya kuma ɗaure shi a jikin kundin mutum don kowace 'ya ta sami rabonta. In babu EBNA1 zoben ɓacewa yake yi a hankali.

EBNA1 kansa yana da wani dogon jeri na gilaisin da alanin da ke rage yadda ake yanka shi a nuna wa ƙwayoyin T. Abin da ba ya yin shiru a kowace kwanciya shi ne wasu ƙananan RNA da ba sa zama furotin, EBER1 da EBER2, masu haruffa 167 da 172, da kuma maikro-RNA kimanin 40. Tunda ba furotin ba ne, ƙwayar T ba ta ganinsu. A jikin mai lafiya, tsakanin ƙwaya 1 da 50 cikin kowace miliyan ta ƙwayoyin B ke ɗauke da shi. Iya nan ya ishe shi zama har ƙarshen rayuwar mutum.

To yaushe yake farkawa ya haihu?

Lokacin da ƙwayar tuni ta sami kira na gaskiya ta rikiɗe zuwa mai zuba antibodi. Furotin ɗin da ke tafiyar da wannan rikiɗa, irin su XBP1 da BLIMP1, su ne ke taɓa mafarin babi biyu na farko, BZLF1 da BRLF1, masu ba da Zta da Rta. Daga nan abu yana tafiya sahu uku. Zta da Rta suna buɗe sahu na biyu, na kayan kwafe DNA, ciki har da BALF5. Bayan an kwafe DNA ne sahu na uku ke buɗewa, na ƙwanso da riga, irin su gp350. Ƙwayar tana mutuwa a ƙarshe, bairas ya shiga fatar maƙogwaro ya ninka, ya fita a yawu.

Abin mamaki game da Zta shi ne ya fi son kama DNA da aka liƙa wa metil. Kwaɗon da jiki ya sa don ya rufe bairas, shi ne marikin da Zta ke kamawa ya buɗe. Wannan ne ya sa sabon zobe, wanda bai tara metil ba, ba ya iya haihuwa a kwanakin farko, sai ya jira makonni.

A lokacin farkawa bairas yana da masu rufa masa asiri. BNLF2a yana toshe hanyar da ake kai gutsuren furotin wurin HLA, BGLF5 yana lalata allunan mai gida, BCRF1 kuwa kwafin IL-10 ne na mutum, mai sanyaya garkuwa.

Idan kowa na da shi, me ya sa wasu yara kaɗai ke samun sankarar Burkitt?

Domin EBV shi kaɗai bai isa ba. A yankinmu abokin aikinsa maleriya ce, irin ta falsifarum, mai maimaituwa. Tana yin ɓarna biyu. Tana raunana ƙwayoyin T masu gadin EBV, sai ƙwayoyin B masu ɗauke da shi su yawaita. Tana kuma tunzura ƙwayoyin B su cika sansanin horo, inda wani enzayim mai suna AID ke yanka DNA da gangan don a gyara antibodi. Yawan yanka yana kawo kuskuren ɗinki. Idan babin MYC da ke kan kuromosom na 8, wato juzu'i na 8 na kundin mutum, ya faɗa kusa da babin antibodi da ke kan na 14, kuma haka ake samu a kusan kashi 80 cikin 100, ragowar a kan na 2 ko na 22, to MYC ya kunnu ba kashewa. Ƙwayar da ta yi wannan kuskure ya kamata ta kashe kanta. EBV ne ke cetonta.

Sankarar tana zaune a kwanciya ta ɗaya, EBNA1 kaɗai, shi ya sa garkuwa ke wucewa ta gefenta. Kusan duk Burkitt ta yankunan maleriya tana ɗauke da EBV. Ta fi kama yara masu shekara 4 zuwa 7, maza sun fi mata. Gana tana da tarihi a binciken wannan cuta: an daɗe ana gudanar da aikin Burkitt a Korle Bu, kuma Farfesa Francis Nkrumah, likitan yara wanda daga baya ya shugabanci cibiyar Noguchi a Legon, yana cikin waɗanda suka yi fice a kai.

Sauran sankarorin ma kowace da kwanciyarta. Ta bayan hanci, wadda ta yi yawa a kudancin Sin, da wani kaso na Hodgkin, suna kwanciya ta biyu. Ta uku ana ganinta ne inda ƙwayoyin T suka faɗi, kamar bayan dashen ƙoda ko ƙanjamau da ya yi nisa ba magani.

Kuncin yarona ya kumbura, Malam. Hangum ne ko wannan?

Hajiya, hangum yana fitowa ne a gaban kunne da ƙasansa, yana da zafi, kuma yakan sauka cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Kumburin Burkitt yana cikin ƙashin muƙamuƙi, sau da yawa ba zafi sosai, haƙora su fara girgiɗi ko su karkace, ido na iya turowa, ko kuma ciki ya kumbura ya yi tauri. Ƙwayoyinta suna ninkawa cikin awa 24 zuwa 48, don haka abin da kika gani ranar Juma'a ba shi za ki gani Juma'a mai zuwa ba.

Kada a cire haƙori a koma gida, kada wanzami ya yi tsaga ko ƙaho. Kada kuma a saya masa dexamethasone ko prednisolone a kantin magani: suna sa kumburin ya sauka na ɗan lokaci, su ɓata naman da za a gwada, kuma suna iya narkar da sankarar farat ɗaya su jikkata ƙoda. A je asibiti a nemi takardar turawa zuwa sashen sankarar yara na Korle Bu, ko Komfo Anokye ga na Kumasi. Burkitt tana cikin sankarar yara huɗu da aka shigar a inshorar lafiya ta ƙasa, don haka a sabunta katin yaro. Saurin girmanta ne kuma ya sa take jin magani irin su cyclophosphamide da vincristine da methotrexate. Haɗarin kwanakin farko shi ne ƙwayoyin da suka mutu suna zuba potasiyam da fosfet da yurik asid a jini, shi ya sa ake fara ƙarin ruwa, kimanin lita 3 ga kowace murabba'in mita ta jiki a yini, da allopurinol, kafin maganin. Babban abin da ke ɓata aiki bayan haka shi ne daina zuwa da an ga kumburi ya sauka.

An ce gwajina na EBV ya nuna akwai. Ina da cuta ke nan?

Ya danganta da layin da ya nuna, domin kowane layi antibodi ne dabam da jiki ya ƙera wa bairas ɗin. VCA IgG yana zama har abada, ganinsa a jinin babban mutum a Nima ko Madina ba labari ba ne. VCA IgM ba tare da EBNA IgG ba shi ne alamar sabon kamu, domin EBNA IgG sai bayan wata 2 zuwa 4 yake fitowa. Gwajin gaggawa na Monospot ba abin dogaro ba ne ga yaro ɗan ƙasa da shekara 4. PCR, gwajin da ke neman DNA ɗin bairas, a kan jini gaba ɗaya yana iya kama zoben da ke kwance a jikin mai lafiya, don haka adadi da yadda yake hawa ake dubawa. A naman sankara kuwa EBER ake nema, saboda yawansa a cibiyar kowace ƙwaya da ta kamu.

Me ya sa acyclovir ba ya kawar da shi?

Acyclovir, maganin hafis, sai enzayim ɗin bairas ya kunna shi, sannan ya tare BALF5. Dukansu na sahun farkawa ne. Zoben da ke kwance kayan aikin mutum ne ke kwafe shi, maganin ba shi da abin kamawa. A zazzaɓin samari ma ba bairas ne ke kawo yawancin wahalar ba, tururuwar ƙwayoyin T ne da suka taso yaƙi. Hutu, ruwa da paracetamol ake bayarwa. Amoxicillin yakan fesa wa irin wannan majiyyaci ƙuraje. Saifa tana kumbura, saboda haka a bar ƙwallo da ɗaukar kaya masu nauyi aƙalla mako 3 zuwa 4. Rigakafin EBV da aka amince da shi babu shi tukuna.

Ni ɗalibi ne, ina so in ga wannan a ɗakin gwaji. Yaya ake yi?

A ɗaki mai matakin tsaro na biyu, da izinin kwamitin ɗa'a. A tsarma jini da ruwan gishiri daidai wa daida, a ɗora a hankali kan Ficoll, ruwan da ke raba ƙwayoyin jini, a juya a 400 g minti 30 ba birki, a kwashe farin zoben tsakiya a wanke sau biyu. Bairas ana samunsa daga ruwan ƙwayoyin B95-8, layin ɗakin gwaji mai zuba EBV, a tace da matacin maikromita 0.45. A haɗa ƙwayoyi miliyan 2 zuwa 5 da mililita ɗaya na ruwan bairas, a bar su awa ɗaya ko biyu, a ƙara RPMI 1640 mai ruwan jinin ɗan maraƙi kashi 10 zuwa 20, a ajiye a digiri 37 da iskar kabon kashi 5. Curi-curi suna bayyana cikin mako ɗaya zuwa biyu, layi ya kafu cikin mako 3 zuwa 5, kuma yana kwanciya ta uku.

Inda ake faɗuwa sananne ne. Tunda kusan duk mai ba da jini a nan yana da ƙwayoyin T da suka san EBV, in ba a sa cyclosporin A, mai danne ƙwayoyin T, ba, wajen maikrogiram ɗaya a mililita, curin zai taso ya mace a mako na biyu ko na uku. Matacin 0.22 yana riƙe bairas da yawa. Narkar da ruwan bairas a sake daskarewa yana kashe ƙarfinsa, don haka a rarraba shi ƙananan kwalabe tun farko, musamman inda dumso, wato ɗaukewar wuta, ke iya kashe firiza da dare. Gaggawar tsarma ƙwayoyi ma kisa ce, domin suna rayuwa ne da abin da maƙwabtansu ke zubawa. A canza rabin ruwa kawai idan ya koma rawaya. Idan tulun kabon ya ƙare ruwan yakan koma shuɗi-ja, a gane da ido.

Don ganin farkawa, a sa TPA nanogiram 20 a mililita da sodiyam butiret milimola 3, a ɗebi samfur a awa 0, 6, 24 da 48, a auna BZLF1 da BMRF1 da BLLF1, mai ba da gp350, za a ga sahu uku suna bin juna. Dole a wanke RNA da DNase, enzayim mai cinye DNA, a kuma gudanar da bututu guda ba tare da enzayim mai juya RNA zuwa DNA ba. Yawancin babin farkawa ba a yanka allonsu, kuma a wannan lokaci DNA ɗin bairas ya ninka ɗaruruwa, don haka ɗan abin da ya saura a bututu zai fito kamar karatu alhali kundin ne aka auna. Kada a yi wannan gwaji da ƙwayoyin Raji, wani layin Burkitt na ɗakin gwaji, ana jiran sahu na uku: zobensu ya rasa babin BALF2, suna tsayawa ne a sahu na biyu.